Birkin Da Ba Ya Kamawa Da Sanyi

Ya 'yan uwa, wanda yake son labari mai daɗin ƙarshe ya ajiye takardar nan tun yanzu. Abin da zan faɗa ya faru ne a kan ɗan ƙarfen da bai kai tafin hannu ba, kuma ya rushe gida guda.

An yi wani mutum, matashi, mai aikin yi, mai mata da 'ya ɗaya. Ba ya sha, ba ya caca, ba ya wasa da salla. Ba zan ɓoye muku ba, ɗana ne na fari. A gida Babba muke ce masa.

Allah ya buɗa masa, ya sayi mota irin ta gudu, mai ƙofa biyu, gajeriya kamar ta kwanta a ƙasa. Idan ya tayar da ita, tagogin maƙwabta har rawa suke yi. Tun daga ranar ya daina jin maganar kowa a kan abin da ya shafi mota. Ciwon ke nan. Bai yi kama da zunubi ba, shi ya sa ba mu tsorata ba.

Da birkinta ya cinye, ya tashi sauyawa. Abu biyu ake sauyawa: takalmin birki, da faifan ƙarfen da takalmin yake matsewa a bayan taya. Ranar ya rage mini hanya, don haka ina zaune a benci a garejin da ya kai ta, komai a kunnena aka yi.

Makanikin dattijo ne, gashinsa ya yi fari, farcensa baƙi ƙirin. Ya ɗaga motar a jak, ya cire taya, ya shafa faifan da yatsa. Ya ce a sa takalmi na titi mai kyau, wanda aka yi wa irin wannan mota, da faifai sumul marar huji.

Babba ya buɗe but ɗin bayan motar ya fito da kwali. Ashe ya riga ya yi oda. Takalmi ne na filin tsere, da faifai mai huji-huji, da ake hangowa ta cikin wilin taya.

Makanikin ya juya kwalin, ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Ɗana, wannan ba na kai yarinya makaranta ba ne. Wannan sai ya yi zafi yake kamawa. A filin tsere minti biyu ya gasu. Kai kuwa da safe za ka fito daga gida, ƙarfe da sanyi, ka taka ka ji kamar katako ka taka.”

Babba ya yi dariya. “Oga, ku fa kun saba da motocin kwasar yashi. Wannan shi ne ƙarshe a birki. Babu na sama da shi.”

“Babu na sama da shi a wurinsa. Nan ba wurinsa ba ne.”

“To ni ɗaurawa na kawo, ba lacca ba.”

Makanikin ya waiwayo ya dube ni. “Baba, ka sa baki mana.”

Ya 'yan uwa, me na ce? Cewa na yi, “Yaran yanzu sun fi mu sanin waɗannan abubuwa.” Ga mutane sun kewaye motar suna ɗaukar hoto, ana nuna ni ana cewa ga mahaifin mai ita. Daɗin wannan ya rufe mini baki. Na sani, Allah ma ya sani.

Dattijon ya ƙi ɗaurawa. Ya mayar da tayar, ya sauke jak, ya goge hannunsa da tsumma. Ya ce shekarunsa sun wuce ya ɗaura abin da zai hana shi barci. Babba ya ja motar zuwa wani gareji a gaba, inda ba a tambaya. Kafin la'asar an gama.

Ku lura da wannan, don nan ne tarkon yake. Ba rowa ya yi ba. Ba jabu ya saya ba. Mafi tsada ya ɗauko, mai kyau na gaske. Abin da ya ƙi shi ne a ce wani tsoho mai dattin hannu ya fi shi sani a gaban jama'a.

Da yammacin nan ya hau babban titi da abokansa, rana tana dukan kwalta. Suka yi ta gudu suna takawa. Birkin ya yi zafi, ya riƙa kamawa kamar an ɗaure motar da sarƙa. Ya kira dattijon makanikin a waya, ya buɗe muryar wayar don abokan su ji. “Oga, katakon nan naka fa ya kusa fitar da ni ta gilashi!” Aka kwashe da dariya. Dattijon ya ce, “Allah ya tsare,” ya kashe wayarsa.

Haka saɓo yake yi wa mutum. Ranar farko ba ya cizo. Har shaida yake ba ka cewa kai ne mai gaskiya.

Kwana huɗu yana fita da rana, lafiya lau. Birkin yana wata ƙara mai tsinin gaske duk inda ya tsaya, shi kuwa yana jin daɗi, wai kukan motar tsere ke nan.

Rana ta biyar aka kwana ana ruwa. Mahaifiyarsa tana da ganin likita da sassafe saboda hawan jini. Tasi ta saba hawa. Ya ce ina, yana da mota uwarsa ba za ta tsaya a bakin titi cikin yayyafi ba. Niyyarsa mai kyau ce, ba zan zalunce shi ba.

Ina tsaye a ƙofar gida da buta a hannu lokacin da take ƙoƙarin shiga. Kujerar ta yi ƙasa da yawa, sai da ya riƙe mata hannu. Tana dariya ta ce, “Babba, wannan mota ce ko tabarma? Idan na zauna wa zai tashe ni?”

Ya ce, “Umma, kafin ki gyara mayafi mun isa.”

“A'a, ni ba na sauri. Likitan ba gudu zai yi ba.”

Layinmu gangare ne, a ƙarshensa akwai mahaɗa. Ya taka mai kamar yadda ya saba, don ta ji ƙarfin injin. A daidai mahaɗar wata tankar ruwa ta sako kai. Ya taka birki a inda ya saba takawa da rana.

Ba wai bai kama ba sam. Ya kama, amma a makare. Tsawon mota biyu kawai ya rage masa ya tsaya, kuma wannan tsawon mota biyun shi ne abin da dattijon ya yi ta faɗa. Ya murɗa sitiyari don ya kauce, sai gefen da take zaune ya daki ƙarfen tankar.

Daga ƙofar gida na ji ƙarar. Ban san lokacin da na yar da butar ba.

Shi ko ƙwarzane bai yi ba. Yanzu yana zaune a barandar asibiti, a ƙasa, ya ƙi hawa benci. Ba ya cin abinci sai matarsa ta yi kuka. Ƙannensa mata ba sa yi masa magana. 'Yarsa tana ta tambaya ina kaka. Makanikin ya zo dubiya, ya zauna kusa da shi, bai ce “na faɗa maka” ba. Da ma ya faɗa, da ya fi sauƙi.

Ya 'yan uwa, girman kai ba sai a tafiya ko a tufafi ba. A gaya maka gaskiya, ka ƙi ta don ka raina bakin da ta fito, shi ke nan ka gama. Wa ya ce abu mafi tsada shi ne ya dace da kai? Wa ya ce abin da ya yi aiki da rana zai yi da asuba? Idan za ka sauya birki, faɗa wa mai sana'ar inda kake bi da wanda kake ɗauka, ka bar shi ya zaɓa maka. Ba kai kaɗai ne a cikin motar ba.

Ku kuma iyaye, kada daɗin a ce ɗanku ne ya hana ku cewa a'a. Kalma ɗaya aka nema a wurina a garejin nan, na hana.

Na gaji, ba zan tsawaita ba. Allah ya tsare mu daga raina mai faɗa mana gaskiya, ya kiyaye 'ya'yanmu daga sharrin kawunansu, ya yafe mana shirun da muka yi a inda ya kamata mu yi magana. Amin.

Yau kwanan mahaifiyarsa goma sha ɗaya a asibiti ba ta buɗe ido ba. Likita ya ce numfashinta ya daidaita. Ko za ta farka, kuma idan ta farka ko za ta gane mu, ya ce bai sani ba.