Kurege da Layi Mai Baki Biyu

Ga ta nan, ku gyara zama.

Shekarar da fari ya ƙone daji, Zaki ya buɗe rumbun gyaɗarsa, abin da ya kamata ya sa dabbobi tunani, amma bai sa ba. Ya ce a yi layi, a riƙa rabo ta baki biyu: Ɓauna na auna wa na gaba, Kura na auna wa na ƙarshe, saboda tsofaffin da ba sa isowa da wuri. Na tsakiya kuwa aka bar su da haƙuri.

Kurege, wanda yunwa ta manne masa ciki da baya, ya ƙare wa tsarin kallo.

"Ashe a nan wanda ya makara shi ne sarki," in ji shi. "Ni kuwa makara gadon gidanmu ce!"

Ya dogara sanda, ya ɗingiso ya tsaya a ƙarshe. Kura ta auna masa. Ya zaga bayan suri ya cinye, ya shafa toka a ka, ya dawo.

"Baba, ba yanzu na ba ka ba?"

"Jikana ne, 'yar nan. Yaron ba shi da kunya."

Da gari ya waye, ya zo da kunnuwan ganye, wai shi kakar Zomo ce. Barewa ta wuni a tsaye: duk sanda ta zama ta ƙarshe, sai wani sabon tsoho ya ɓullo a bayanta yana tari.

Da gari ya sake wayewa, Zaki ya tuna cewa shi ba ya cin gyaɗa. Ya kira Kura gefe.

"Sun yi ƙiba. Yau ma ki fara ta baya, amma na ƙarshen za ki kawo mini. Ba mai waiwaye a layin abinci."

Kurege bai ji ba, yana can yana liƙa gashin zabo da ƙaro. Ya iso yana tafiyar ƙasaita.

"Malam Zabo, kai ne na ƙarshe?" in ji Kura.

"Ni ne, ranki ya daɗe, kuma ban yarda kowa ya tsaya bayana ba!"

Ba wanda ya yi masa gardama. Kura ta cafke shi. Gashin ya cika mata baki, Kurege ya zame tsirara, ya bi ta ƙarƙashin Ɓauna, ta sallame shi da kofato har bakin raminsa.

Ya kwanta yana lallaɓa haƙarƙari.

"Layin banza, ba tsari," in ji shi. "Gobe ta gaba zan shiga."

Ƙurunƙus, a nan ta tsaya.