Hannun da Marwanatu Za Ta Kama

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku, kuma ba mai daɗi ba ce.

Marwanatu tana shekarar ƙarshe a kwalejin ilimi, sashen lissafi, idonta ya fara mutuwa. Allo ya fara ɓace mata, sannan littafi. Ta faɗi jarrabawa, aka ce dama ɗaya ta rage, in ta sake faɗuwa sai gida. Likita kuma bai ɓoye mata ba, ganin ba zai dawo ba. Ta yi kuka har ta gaji, ta fara haɗa kayanta.

Malam Barau, malaminsu, mafaɗaci ne, ko fara'a ba ya yi wa ɗalibi. Shi ya hana ta tafiya. Ya zauna gaban kwamfutar da ya tsana, yana danna ta da yatsa ɗaya kamar kaza na tsintar tsaba, har ya shigar da darussan duka, ya sa na'urar ta zana kowane lanƙwasasshen layi.

Sai dai rubutu ba ya amfanar wanda ba ya gani. Tanimu, mai kula da ɗakin kwamfuta, ya yi ta fama har na'urar ta iya karanto mata alamomin lissafi da murya. In an ɗauke wuta, batirin motarsa yake cirowa ya jona.

Zanen fa? Murya ba ta nuna yadda layi ya hau ya gangaro. Gwaggo Ladidi, ƙanwar mahaifinta, mai ɗinkin hula, ba ta san komai a lissafi ba. Ta riƙa bin kowane zanen da aka buga da zare mai kauri a kan ƙyalle, Marwanatu na shafawa.

"Nan ya juya, Gwaggo."

"Ni dai zare nake bi, 'yar nan."

Ta ci jarrabawar. Amma kafin sakamako ya fito, ɗan hasken da ya rage mata ya tafi, murnar ba ta shige ta ba.

Ranar bikin yaye ɗalibai kowa shi kaɗai yake hawa dandamali. Ita kuwa, an yarda mutum ɗaya ya kama hannunta. An kira sunanta, takardar shaidar da ba za ta taɓa gani ba tana jiranta, su ukun sun miƙo hannu. Ta tsaya hawaye na zuba, ta san duk wanda ta kama, ta kunyata biyu a gaban jama'a.

To, ku da kuke da ido, hannun wa ya kamata ta kama?