Man Silikon Da Bai Ƙoshi Ba

Akwai wani mutum a Birnin Kudu ana ce masa Hambali, a shekarun da kuɗin fetur ya fara shigowa, tun ba a yi jihar Jigawa ba. Ya karanci ilmin haɗa sinadarai a Zariya, ya yi aiki a wata masana'antar roba a Kano, sannan ya dawo ya buɗe ɗakin gwajinsa a bayan gida.

Sana'arsa gyara man silikon, wani mai ne mai kauri da ake shafa wa robobin cikin famfo. Ɗanyen da yake samowa yana da gurabe a jikinsa da ba su cika ba. In aka bar shi haka, zafi da iska su shiga guraben, man ya daskare ya riƙe robar. Shi ya sa Hambali yake zuba shi a tukunyar ƙarfe, ya barbaɗa wani baƙin gari mai zaburar da aikin, ya rufe ruf, ya ɗura masa iskar haidurojin. A kan murfin akwai allurar awon iskar. Muddin tana sauka, man yana shan iskar. In ta tsaya cak, ya ƙoshi, zai jure rana.

Hambali ya san aikinsa, wannan babu ja. Matsalarsa ɗaya ce, bakinsa ba ya iya ce wa babba a'a.

Wata Litinin sai ga surukinsa, Alhaji Sabo, wanda aka ba kwangilar kafa famfuna shida a Fagam ta ƙasar Gwaram. Hambali ya tuɓe takalmi ya tsuguna, idonsa a ƙasa.

Alhaji ya ce, "Malam, ranar Alhamis za a buɗe famfunan nan. Na gaya wa dagaci da Arɗo Buba cewa man surukina zan sa, ba na Turai ba. Ai zai samu ko?"

Hambali ya san baƙin garinsa ya tsufa, aikin sai ya ci mako guda cur. Amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Zai samu, Baba, in Allah ya yarda."

Daga nan zama ya gagare shi. Ya shiga ɗakin gwaji, ya fito, ya koma. Ya ƙwanƙwasa gilashin allurar da farce, wai ko ta tsaya. Ina, tana ta sauka a hankali abinta. Matarsa Zahara'u ta ajiye masa tuwo, ya huce ba a taɓa ba.

Ta ce, "Malam, ka je ka gaya wa Baba gaskiya mana. In ka ji nauyi, ni in je."

Ya ce, "Ke, so kike a ce na tura mace wurin surukina? Zan je da kaina."

Ya kuwa je, har sau biyu. Ya hau babur ya isa ƙofar gidan, ya tarar da Alhaji a kan tabarma da mutane. Ya gaishe shi, ya tambayi lafiyar iyali, ya tambayi gajiya, ya tashi ya dawo da maganarsa a ciki. Ni abin ma haushi yake ba ni, mutumin da ba ya tsoron tukunya cike da iska mai kama wuta, amma kalma ɗaya ta fi ƙarfinsa.

Ranar Laraba da la'asar allura ba ta tsaya ba. Hambali ya rufe bututun iska, ya tace man, ya zuba a gwangwanaye. Ga shi garau, ba mai iya bambanta shi da wanda ya ƙoshi.

Aka buɗe famfuna, ruwa ya zubo, aka yi ta sa wa Alhaji albarka. Hambali kuwa duk babur ɗin da ya ji ya tsaya a ƙofarsa sai ya zaci ƙarar famfunan aka kawo.

Da bazara ta tsananta, hannun famfunan ya fara tauri. Kafin wata uku, biyar sun tsaya. Mata suka koma tonon rairayi a rafi, Arɗo Buba ya kora shanunsa nesa neman ruwa. A kasuwa aka fara cewa Alhaji Sabo ya sa kayan banza ya cinye sauran. Mutumin da ya tsufa ba a taɓa kiransa maci amana ba.

Alhaji ya zo da kansa, ya ajiye wata roba a gaban Hambali, ta bushe ƙamas ta tsage.

"Malam, ka san da wannan tun ranar?"

"Na sani, Baba. Kunyarka na ji."

Alhaji ya ce, "Da ka ce mini a'a a tsakar gidan nan, da mu biyu kaɗai muka ji. Yanzu duk Fagam ta ji."

Hambali ya haɗa sabon mai, ya jira allura ta tsaya, ya je ya gyara famfunan ɗaya bayan ɗaya da hannunsa. Ruwa ya dawo. Alhaji yana amsa gaisuwarsa da fara'a, yana aiko wa jikokinsa da tsaraba. Amma har ya koma ga Allah, bai ƙara tambayar Hambali ko wani abu zai yiwu ba.

Darasi: Kunyar da za ta hana ka gaya wa babba gaskiya ba ladabi ba ce, cutar da shi kake yi. In abu ba zai yiwu ba, ka tsuguna ka faɗa da ladabi tun magana tana tsakaninku. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu saurin cewa "to" alhali zuciyarsu ta san a'a ce.