Birkin da Yaya Ya Ɗaura

Akwai wani bakaniken babur da kowa ke kira Mai Kunne. Aiki dai ya iya shi, wannan ko maƙiyinsa ba zai yi musu ba. Shekara ashirin da biyu ya yi a rumfa ɗaya a bakin titi, tsakanin mai walda da mai faci, har ƙasar wurin ta rine da baƙin mai. Aibinsa ɗaya ne: ya yarda da kansa fiye da kima, kuma ba ya son a nuna masa abu. Idan ka ce masa ga yadda ake yi yanzu, sai ya dube ka sama da ƙasa ya tambaye ka shekarunka nawa.

Laƙabin ya samo shi ne daga yadda yake gwada shu ɗin birki, wato lanƙwasasshen ƙarfen nan da ake manna wa fata, wanda ke kama kwanon taya daga ciki idan an taka birki. Shi ba ya duba kwali, ba ya duba hatimi. Riƙe shu ɗin yake da yatsa biyu, ya ƙwanƙwasa shi da sufana, ya karkata kai. Idan ƙarar ta fita tas ta ɗan ja, sai ya ce na gaske ne. Idan ta mutu nan take, sai ya wurgar ya ce jabu. A da can wannan dabara tana ci, domin masu jabu da ruɓaɓɓen ƙarfe suke aiki. Mutane suka yi ta yabonsa, kansa kuwa ya yi ta kumbura.

A tsallaken titi akwai wani dattijo mai sayar da kayan babur. Wata rana ya tsallako da shu biyu a hannu, ya zauna a kan bencin Mai Kunne.

"Ina so ka ga wani abu," in ji dattijon. "Masu jabun nan sun canza salo. Yanzu ƙarfe mai kyau suke sa wa, a gam ɗin da ke riƙe fatar suke yin ha'inci. Kunne ba ya jin gam. Ka riƙa duba hatimi, ko ka ɗauki ɗaya daga kwali ka gasa shi a wuta ka gani."

Mai Kunne ya yi dariya har da buga cinya.

"Baba, kai sayarwa kake yi, ni ɗaurawa nake. Kayanka sun yi kwantai ne kake neman ka tsorata ni?"

Dattijon ya tattara shu ɗinsa ya koma shago, daga ranar kuma gaisuwa kawai ke haɗa su.

Ba a yi wata guda ba sai ga wani mutum da jakar goyo, mai zaƙin baki, ya sauke kwali a gaban rumfar. Mai Kunne ya zaro shu ɗaya ya ƙwanƙwasa. Ƙarar ta fita garau, har mai faci ya waiwayo. Ya gwada na biyu da na uku, duk haka. Ga araha kuma. Ya saye kwalin gaba ɗaya, yana ɗaga murya don na tsallake ya ji cewa har yanzu akwai kayan kirki a duniya ga wanda ya san su.

Mai Kunne yana da ƙane guda, Auta, wanda shi ya raine shi bayan rasuwar mahaifinsu, ya tsaya masa har ya zama malamin makaranta. Makarantar tana can bayan tsauni, inda waya ba ta shiga. Auta yakan hau ranar Litinin da safe, ya kwana can, ya gangaro ranar Juma'a bayan an tashi yara. Gangaren dogo ne mai lanƙwasa, wato kwana, har bakwai, ƙafa ba ta barin birki tun daga sama har gadar da ke ƙasa.

Ran Lahadi Auta ya kawo babur ɗinsa, ya ce birkin ya fara kuka.

"Yaya, ko in karɓo a wurin Baba na tsallake?"

"Ka karɓo me? Ina da wanda ya fi nasa. Zauna ka ga aiki."

Ya ɗaura masa gaba da baya daga sabon kwalin. Auta ya zagaya layin sau ɗaya, birki ya kama cak. Ya yi godiya ya tafi yana tsokanar yayansa cewa furfura ta fara cin gemu amma hannu bai tsufa ba.

Ranar Juma'a da hantsi wani mai kai burodi ya turo babur ɗinsa, gwiwar wandonsa a yage, tayar baya da ƙyar take juyawa. Kwana shida ke nan da Mai Kunne ya sa masa shu daga kwalin nan. Da ya kwance tayar, sai fatar birkin ta zube ƙasa ita kaɗai, ta bar ƙarfen tsirara, sumul kamar ba a taɓa manna masa komai ba.

"A ɗan gangaren kasuwa fa," in ji mai burodin. "Allah ne ya sa ba mota a bayana."

Mai Kunne ya ɗauki sabon shu daga kwalin, ya miƙa wa mai walda ya ce ya ɗan nuna masa wuta. Ko minti ɗaya ba a yi ba fatar ta ɗago baki, ya taɓa ta da sukundireba ta faɗo. Ya miƙa wani, haka. Ya miƙa na uku, shi ma haka. Sai a lokacin ya tuna yau wace rana ce, ya tuna kwana bakwai na gangaren tsauni.

Ya kira Auta, waya ba ta shiga. Ya sake kira, ya sake, alhali ya san ba za ta shiga ba. Ya kira matar Auta ya tambaye ta ko akwai lambar wani a makarantar, ta ce duk sai sun gangaro ake samun su, ta tambaye shi ko lafiya. Ya ce lafiya lau, ya kashe wayar.

Ya haye nasa babur ɗin zai tafi ya tare shi, ya riga ya tayar, sai ya tuna shi ma daga kwalin ya sa wa kansa. Na mai burodi a kwance yake, mai walda da mai faci kuwa a ƙafa suke zuwa aiki. Haka ya tsallaka titi, kansa a ƙasa, ya tsaya a gaban dattijon da ya yi wa dariya.

"Baba, ka ba ni shu. Auta yana kan tsauni da irin wancan."

Dattijon bai tsaya tuna masa komai ba. Ya miƙo masa, ya biyo shi ya riƙe masa taya. Aikin da Mai Kunne ke yi ido a rufe, ran nan sai da sifirin ɗin da ke haɗe shu ɗin ya kuɓuce masa sau uku. Kafin ya gama, rana ta yi tsaka.

Ya yi gudun da bai taɓa yi ba. Da ya isa gadar da ke gindin tsaunin, sai ya hango babur can sama yana gangarowa, da jakar littattafai ɗaure a baya. Auta ne, har ya wuce kwana huɗu. Idan Mai Kunne ya hau, ba zai riske shi ba sai a tsakiyar kwana, inda tsayawar gaggawa ita ce abin da yake gudu. Ya sauka ya tsaya a tsakiyar hanya, ya cire riga yana kaɗawa, yana ihu ya tsaya ya sauka ya tura. Iska ta kwashe muryar.

Auta ya hango shi. Ya gane yayansa, ya ɗaga hannu yana mayar da gaisuwa. Da ya ga ana ta kaɗa riga, sai ya zaci wani abu ne ya faru a gida, ya ƙara wuta. Mai Kunne yana kallo, ba abin da zai iya yi. A kwana na shida ya ga ƙafar ƙanensa tana taka birki, tana sake takawa, babur ɗin bai rage gudu ba. Ya wuce kwanan a miƙe, ya faɗa cikin duwatsun da ke gefe.

Auta bai mutu ba, amma ƙashin bayansa ya taɓu. Likita ya ja Mai Kunne gefe ya gaya masa cewa ƙafafun ba za su sake ɗaukar mai su ba. Kwana uku Mai Kunne yana zaune a bakin gadon Auta yana kora masa ƙuda, ya kasa haɗa ido da matar Auta, wadda ke ta yi masa godiya don shi ya ɗauko mijinta. A rana ta huɗu Auta ya kama hannunsa.

"Yaya, ka daina damuwa haka. Laifina ne, ni na yi gudu. Birkin da ka sa min sabo ne fil, ba ruwansa."

Da Mai Kunne ya yi shiru, da maganar ta mutu a nan, ba wanda zai taɓa sani. Amma ya kasa. Ya faɗa masa komai, tun daga gargaɗin dattijo har kwalin mai jakar goyo, hawaye na zuba a gemunsa. Matar Auta ta ajiye kofin da ke hannunta ta fita daga ɗakin.

Auta bai yi faɗa ba, bai zare hannunsa ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

"Na ce maka in karɓo a tsallake," ya ce a hankali. "Da ka ce in zauna, ko kwalin ban duba ba. In ban yarda da kai ba, Yaya, da wa zan yarda?"

Har yau Mai Kunne ne ke zuwa kowace safiya kafin ya buɗe rumfa, ya ɗaga ƙanensa daga gado ya zaunar da shi a keken guragu.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ƙwarewar jiya ba ta isa ta kare mutum daga ha'incin yau ba, domin masu jabu kullum suna koyon yadda ake gane su. Duk mai sana'ar da ran mutane ke hannunsa, kada girman kai ya hana shi sauraron gyara, kada araha ta rufe masa ido. Kayan birki a saye su inda aka san asalinsu, a duba hatimi, a gwada kafin a ɗaura. Wanda ya kawo maka babur ɗinsa ba ƙarfe kaɗai ya miƙa maka ba, ya ba ka amanar ransa ne, kuma nadama ba ta mayar wa mutum ƙafafunsa.