Randar Marka da Kafuwar Zangon Tunau

A zamanin da ƙasar da ke tsakanin duwatsu da bakin fadama ba ta da mai ita sai giwa da ɓauna, an yi wani maharbi ana ce masa Tunau. Maharba 'yan uwansa suna yi masa kirari da Tunau na Tabawa, dawa ɗakinka, mai kwana inda rana ta faɗi. Tsofaffi sun ce tun yana saurayi ya yi kiciɓis da wani farin gwanki, ya ɗana kibiya ya sake ta, kibiyar ta juyo ta faɗi a gaban ƙafarsa. Daga ranar bai ƙara samun natsuwa ba. Duk inda ya ga sawun gwankin nan, can zai nufa, ya kwashi uwarsa Tabawa da matarsa da 'ya'yansa da jaki guda.

Matar ita ce Marka, 'yar gidan magina tukwane. A garinsu yumɓu ba ya bukatar komai sai ruwa da hannu, haka ta gani wurin uwarta, haka ta koya. Da za a kai ta ɗakin miji, uwar ta gina mata randa da hannunta, ja, mai faɗin ciki, da zanen igiya a wuya. A tashinsu na farko jaki ya yi tuntuɓe a kan dutse, randar ta tarwatse. Marka ta durƙusa ta tsince tsingaron kaf, ta zuba a burgami, jakar fata, ta ɗaure. Ba ta sake ganin uwarta ba. Burgamin nan kuwa ya bi ta ko'ina, ba ya dafa tuwo, ba ya riƙe ruwa, sai nauyi.

Babu abin da ke cin ran maginiya kamar yawo. Tukunya tana son a gina ta, a bar ta ta sha iska a inuwa, sannan a gasa. Sau da dama Marka takan jera ɗanyun tukwane, tana jiran su bushe, sai Tunau ya shigo da raɓa a ƙafa ya ce a ɗaure kaya. Ta bar su a nan ruwan sama ya mayar da su ƙasa. Ta shuka kuɓewa birai sun ci, ta dasa lalle ba ta ga ganyensa ba. 'Ya'yanta mata duk a hanya ta haife su, kuma da za a ce ta nuna inda aka binne cibiyar ko ɗaya daga cikinsu, ba za ta iya ba. Ba mace ce mai yawan magana ba. Takan haɗiye, ta ɗora gammo, ta bi bayan jaki.

Ana nan, wata shekara bayan ɗaukewar damina, suka iso wani tudu mai babbar tsamiya. A nan ƙafafun Tabawa suka kumbura, dole aka sauke kaya. A gindin tudun akwai idon ruwa mai abin mamaki: yakan ɓuɓɓugo da fitowar rana, da hantsi ya ɗaga sai ya ɗauke ƙaf, sai kuma gobe. Kusa da shi akwai jan yumɓu mai santsi, wanda Marka ta damƙa ta ji kamar man shanu a tafin hannu. Ta dubi inuwar, ta dubi ruwan, ta dubi tsohuwar da ke nishi, ta ƙudura a ranta cewa daga nan ba ta ƙara ɗaukar gammo.

Ta sami mijinta yana gyaran kibau, ta durƙusa ta faɗa masa. Tunau bai yi faɗa ba. Ya nuna mata cewa tulunsu na ƙarshe ya fashe a hanya, gorunan da suka rage ba za su riƙe wa gida ruwan yini ba, ga rani na tafe. Ya ƙara da abin da maharba suka yarda da shi, wai ƙasa takan nuna ko ta karɓi baƙo, kuma idan yumɓun wuri ya ƙi zama tukunya, masu wurin ne ba su son maƙwabta. Amma ya yi alkawari a gaban uwarsa: idan Marka ta fitar da randa daga wannan ƙasa, ta riƙe ruwa, kafin ciyawa ta bushe a cinna wa daji wuta, zai kafa dirka ya yi ɗaki. Idan ba haka ba, a tashi.

Marka ta shiga aiki kamar yadda ta gada. Ta haƙo yumɓu, ta jiƙa, ta tattake, ta gina tukwane masu kyan da ita kanta ta tsaya tana kallo. Ta jera su, ta lulluɓe da kirare da busasshiyar ciyawa, ta sa wuta. Wutar ba ta gama kamawa ba aka ji ƙara kamar tsawa, tukunya ta bi tukunya, har tsuntsayen tsamiya suka watse. Da toka ta huce babu ko kasko.

Ta ce ko wutar ce ta yi yawa, ta rage. Suka fashe. Ta ce ko ba su bushe ba ne, ta bar su a inuwa har suka yi fari. Suka fashe. Ta cakuɗa kashin jaki, ta gwada toka, ta gwada yashin ƙorama. Ta yashin ce kaɗai ta fito da siffarta, amma da aka zuba ruwa sai ya tsiyaye ta gindi, ta ruguje kamar dambu. Ta dama fura ta zuba a gindin tsamiya don masu wurin, tururuwa suka shanye, tukwane suka ci gaba da fashewa. Hannuwanta suka tsattsage, bayanta ya riƙe, tulin fasassu a bayan bukka ya kai ƙugun mutum.

Tabawa kuwa, daga inda take kishingiɗe, ba ta bar ta ta huta ba. Duk ranar gashi sai ta sa a jawo mata tabarma kusa, wai ta zo kallon wasa. In aka ji ƙarar farko sai ta tafa hannu ta ce, "Madalla, 'yar nan. Yau ma aradu za mu ci da miya?" Marka ba ta iya mayar wa surukarta magana, sai dai ta sunkuyar da kai ta ce, "Sannu, Inna," ta je bayan bukka ta cije leɓe.

Ciyawa ta soma ja, ta koma fari. Ran nan Tunau ya dawo daga daji idonsa na ƙyalli, irin ƙyallin da Marka ta sani tun tana amarya. Ya ga sawun farin gwanki ya nufi yamma. Ya ce wa'adi ya cika, ƙasa ta ba da amsarta, a fara ɗaure kaya. Tun da Inna ba ta iya tafiya, ita za ta hau jaki, sauran kaya a raba a kai. Sai ya nuna burgamin da tsinin baka.

"Wannan kam a nan zai kwana. Shekara da shekaru jakina na dakon fasasshiyar randa."

"Ta uwata ce," in ji Marka.

"Na sani. To ki zaɓa, ko ita ta hau jakin ko tawa uwar."

Marka ta jawo turmi. Ta ɗauki burgamin ta kwance bakinsa, ta juye tsingaron a turmi. A ranta cewa take, in dai barinsu za ta yi, ba za ta bar su kura ta tattaka ba, gara ƙasar nan da ta cinye mata ƙarfi ta haɗa da su ta cinye. Ta ɗaga taɓarya. Masu ba da labari sun ce ba a taɓa jin daka irin na ranar ba, har ƙasa na amsawa, har jaki ya tsinke igiya. Ta daka zanen igiyar da uwarta ta yi da yatsa, ta daka wuyan, ta daka gindin, tana daka hawaye na zuba a turmin, har komai ya koma gari mai tsakuwa-tsakuwa. Ta kwashe ta watsa a kan ragowar yumɓun da ta jiƙa, ta hau da ƙafa tana tattakawa da fushi.

A nan ne ta ji abin ya sauya. Yumɓun da ya saba zamewa kamar kitse ya yi kaushi, ya riƙe ƙafarta. Ta sa hannu ta murza, ta ji ya tsaya inda ta tsayar da shi. Ba don tana sa rai ba, sai don hannun maginiya ba ya ganin kwaɓi ya wuce, ta zauna ta fara ɗora shi zobe a kan zobe. Kafin la'asar ta gina randa wadda ta fi duk na baya girma, ta zagaya wuyanta da zanen igiya.

Tunau ya ce ba zai jira ɗanyar randa ta bushe ba, sawu na hucewa. Ya kawo jaki gaban uwarsa. Tabawa ta dube shi sama da ƙasa, ta gyara kishingiɗarta.

"Ni ban taɓa rasa kallon fashewar ko ɗaya ba," ta ce. "Wannan ƙatuwar kuwa ƙararta sai ta fi. Ba inda za ni sai na ji ta."

"Inna, gwankin zai yi nisa."

"Tun kana da gashi a ka yake yin nisa. Mayar da jakin nan."

Maharbin da ɓauna ba ta sa shi ja da baya ba, ya ja jakinsa ya mayar. Marka ta ɗago ta dubi tsohuwar, tsohuwar ta kau da kai tana neman abin sakace.

Da randar ta bushe, aka rufe ta da kirare da sassafe, Marka ta sa wuta ta koma gefe ta toshe kunnuwa. Wuta ta ci ta yi sama. Tsuntsaye ba su tashi ba. Wuta ta lafa, ta zama garwashi, ta zama toka, ba a ji komai ba sai kukan kurciya. Da ta huce, Marka ta share tokar da reshe, ta ƙwanƙwasa cikin randar da bayan yatsa, sai ta amsa da wani amo mai tsawo wanda aka ce an ji shi har bakin fadama. Washegari ita da 'ya'yanta suka yi ta jido daga idon ruwa har ta cika. Rana ta take, ta karkata, ruwa na nan inda yake, da sanyi kamar na ƙasan dutse.

A tsakar wannan rana, in ji masu tarihi, farin gwanki ya fito daga yamma yana tafiya a hankali. Bakan Tunau na rataye a reshen tsamiya, bai miƙa hannu ba. Gwankin ya zo ya sa baki a randar Marka ya sha, ya kwanta a inuwa har la'asar, sannan ya tashi ya shiga ciyawa. Tunau ya zagaya tudun yana duba ƙasa, bai sami sawu ko ɗaya da ya fita ba. Ba a sake ganin dabbar ba.

Ya cika alkawari, ya sari itace ya kafa dirka. Amma ko a ranar sai da ya ce kada kowa ya ɗauka zama ne, zango ne kawai, da rani ya wuce za a tashi. Haka ya riƙa faɗa kowace shekara, yana faɗa ana ƙara ɗaki, yana faɗa fatake na sauka shan ruwan randa, wasunsu na kafa bukka, har ya tsufa ya rasu aka binne shi kusa da uwarsa. Shi ya sa har yau sunan garin Zangon Tunau. Marka ta koma kan tulin fasassun da ke bayan bukka, ta dake su, ta gane kowane gasasshen tsingaro yana ɗaure wannan yumɓu. Ta koya wa 'ya'yanta, su kuma suka koya wa nasu. Autarta, wadda ta zo daga baya, a garin aka haife ta, kuma Marka da hannunta ta binne cibiyar a bayan ɗaki, ta dasa lalle a wurin.

Idan maroƙa suka tashi jero tarihin garin, da Tunau suke farawa, su yi ta kirarin baka da kwari, sunan Marka sai a tsakiya in an tuna. Mata ba su taɓa yi musu gardama ba. Nasu kirarin a bakin turmi suke yin sa: Marka ta Tabawa, mai dakan da ya tsayar da jaki. Randar tana nan a gindin tsamiya, an binne ta har wuya, ana cika ta kowace safiya don masu wucewa.

Akwai kuma al'adar da ba ta mutu ba. Duk yarinyar da za a kai ɗakin miji, uwarta takan ɓalli ɗan yanki daga bakin randarta, a daka, a zuba a yumɓun da za a gina wa amarya tata. Saboda haka da wuya ka shiga gida a Zangon Tunau ka tarar da tsohuwar randa mai cikakken baki. Baƙo yakan ga giɓin ya ɗauka sakaci ne, har ya tambaya ko babu magina a garin. Uwar gida takan miƙa masa moɗa ya sha, sannan ta bi kowane giɓi da yatsa, tana faɗa masa sunan 'yar da aka ɓalla dominta da garin da take aure.