Faifan Bushiya da Saɓar Maciji

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mun baza kunne.

A garin dabbobi akwai wata al'ada. Kowace safiya matar gida takan yi shara, ta ɗebi kaɗan a faifai ta ajiye a ƙofa. Kare mai gadi ba ya shiga gidan kowa, abin da aka ajiye kawai yake shinshinawa. In na gida ne ya wuce, in baƙo ne ya yi haushi.

Sai aka shiga yayin ƙwarya mai sulɓi, kowace ta saya. Bushiya kaɗai ta riƙe faifan kakarta mai kaushi.

Zabuwa ta ce, "Yaya Bushiya, ba kya jin kunyar wannan tsohon faifan?"

Bushiya ta ce, "Bar ni da abina, ƙanwata. In ya kama ba ya saki."

Ashe Maciji ya shigo gari, yana bin ramuka yana haɗiye ƙwan Zabuwa. Kullum ɓarɓashin saɓarsa na cikin shara, amma kafin Kare ya iso, iska ta ɗauke shi daga ƙwarya.

Ran nan wani guntu ya maƙale a saƙar faifan Bushiya. Kare ya shinshina, ya ce, "Wannan ba ɗan garinmu ba ne." Ya yi haushi, gari ya taru, aka tono Maciji, aka raka shi da sanda.

Da Zabuwa ta ƙyanƙyashe 'ya'ya goma sha biyu, aka wuni ana rawa. Ta ce, "Yaya, saƙa mini irin naki."

Bushiya ta yi dariya, ta ce, "Saƙa naki daban. Abin da ya kuɓuce wa nawa, naki ya kama."

Ƙurunƙus kan kusu, ya faɗa faifai ya maƙale.