Tayin Da Dillali Ya Ɓoye Wa Mama Winifred

Akwai wani dillalin gidaje a Sabon Garin Zariya ana ce masa Ɗanmalam. Mutum ne mai daɗin baki, ya san kowane lungu daga Dogarawa har Samaru.

Wata rana wata dattijuwa, Mama Winifred, tsohuwar malamar firamare, ta same shi a ofis. Mijinta Japheth ya ci bashin banki, ya jinginar da gidansu na Dogarawa don ya buɗe gonar kaji. Cuta ta kashe kajin, shi ma bai daɗe ba ya rasu. Bashin ya yi ta hauhawa har ya zarce darajar gidan. Banki ya yarda a sayar, amma duk abin da ya rage na bashin za a riƙa cira daga fanshonta.

"Ɗana," ta ce, "ban san komai a harkar nan ba. Abin da ka ce shi ke nan."

Cinikin ya ba shi wahala. Ya kawo mai saye, banki ya ce tayin ya yi kaɗan. Ya kawo wani, takardu suka kwanta a banki har mutumin ya gaji ya janye. Ya yi ta zirga-zirga, man mashin daga aljihunsa, ga la'adar da zai samu ba wata mai yawa ba.

Sai ga Ogbonna, mai sayar da kayan gyaran mota, haifaffen Sabon Gari, ya yi tayi mai tsoka. Nan zuciya ta raya wa Ɗanmalam wani abu. Ya ɓoye tayin, ya kai wa banki sunan surukinsa da farashin da bai kai wancan ba ko kusa, da nufin in ciniki ya faɗa su juya su sayar wa Ogbonna, su raba riba. Shi kuwa Ogbonna ya ce masa ya ƙara haƙuri, takardu ne ba su kammala ba.

Da ya gaya wa Mama farashin, sai ta ce, "Ka yi ƙoƙari. Allah ya yi maka albarka."

Ranar Asabar ya je karɓar sa hannunta. Ya tarar matan zumunta na cocinsu suna taya ta ɗaure kaya. Ta nuna musu shi, ta ce, "Ga wanda ya tsaya mini kamar ni na haife shi."

Ana cikin haka Ogbonna ya yi sallama, ya kawo matarsa ta ga gidan. Ya gaishe da Mama, ya ce, "Mama, ki yi haƙuri da jinkirin nan, ba daga wajena ba ne. Kuɗina a shirye suke tuntuni." Ya faɗi abin da ya taya.

Mama ta dubi takardar da ke hannunta, ta dubi dillalin.

"Ɗanmalam, to sunan wane ne a nan?"

Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Wata mata ta miƙe tana cewa, "Macuci! Matar da mijinta ya rasu?"

"Sarah, bar shi," in ji Mama. Ta juyo gare shi, murya ƙasa-ƙasa. "Da ka ce mini la'adar ta yi maka kaɗan, ai da na ba ka keken ɗinkina ka ƙara."

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya fita kansa a sunkuye, sai da ya kai bakin titi ya tuna ya baro mashin ɗinsa a ƙofar gidan.

Ranar Litinin ya je banki da ƙafarsa ya faɗi gaskiya. Banki ya daina hulɗa da shi, labari ya zaga cikin dillalai. Ogbonna ya sayi gidan ta hannun wani, abin da ya rage a kan Mama ya zama ɗan kaɗan, ta koma wajen 'yarta a Samaru.

Bayan wasu watanni ya hango ta a kasuwar Samaru. Ya yi sauri zai laɓe bayan rumfar mai doya, sai ya ji ta ƙwala masa kira.

"Ɗanmalam! Ya iyali?"

Ya durƙusa ya gaishe ta, ya kasa ɗaga ido.

"Tashi ka ɗaukar mini wannan buhun zuwa bakin titi," ta ce. "Ni na yafe maka. Kada dai ka ƙara yi wa wani."

Ya sa mata buhun a keken haya mai ƙafa uku, ta shiga, ya tsaya a rana yana share ido da hularsa har keken ya ɓace.

Darasi: Wanda ya damƙa maka al'amarinsa saboda bai sani ba, amana ya ba ka. In aiki ya yi maka nauyi ko ladan ya yi maka kaɗan, buɗe baki ka faɗa, kada ka biya kanka a ɓoye daga haƙƙin mai rauni. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu harkar dillanci.